Daga Gaban Kyamara Zuwa Ɗakin Sauraro: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Fim a Garwa

Matar da wannan nazari ya shafa Bahaushiya ce haifaffiyar Garwa a arewacin Kamaru, ta haura shekara arba'in. Wajen rabin rayuwarta a wasan kwaikwayo ta yi shi kafin ta koma aikin sauraron mata masu damuwa da ba su shawara. An sakaya sunanta da na waɗanda ta yi wa aiki, an kuma sauya 'yan bayanan da za su sa a gane su. Matan da ke zuwa wurinta Anti suke ce mata, haka za a kira ta a nan.

Jama'a suna ɗauka wanda ya iya magana shi ya iya shawara. Lamarin Anti ya nuna akasin haka. Baiwar da ta jawo mata mata har ƙofar gida, wato murya da fuskar da kowa ya sani da iya cika wuri, ita ce ta kusa jawo wa wata yarinya halaka.

Yadda ta bar fim

Da wasannin faɗakarwa ta fara, irin waɗanda ƙungiyoyi ke shiryawa a unguwanni da gidan rediyo kan rigakafin shan-inna da awon ciki da ƙanjamau, da Hausa da Fulatanci, don a Garwa wanda ba ya jin Fulatanci rabin zancen gari ya wuce shi. Lokacin da fina-finan Kano ke cin kasuwarsu a faifan CD ta bi ta Yola ta je can. Ba ta taɓa zama babbar jaruma ba. Ƙawar jaruma ta fara fitowa, sai yaya, sai gwaggo ko uwar miji. Biya kuwa na fitowa ne: a ɗauka a sallame ki, ba fansho, ba kaso idan fim ya karɓu.

Masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya mai da ƙetara iyaka abin fargaba. A gida kuma ba kasuwar da za ta riƙe ɗan wasa, tunda gidajen sinima ukun da suka rage a Kamaru, na Yawunde da Duwala da Bafusam, an rufe su a 2009. Ta dawo Garwa tana sayar da atamfa da turaren wuta, tana fitowa jefi-jefi a wasanni masu dogon zango na talabijin da YouTube. Kusan kullum rawa ɗaya ake ba ta: gwaggon da ke zaunar da ma'aurata, ta yi musu faɗa, kafin a rufe shirin kowa ya yi nadama.

Daga nan mata suka fara sallama a gidanta. Ba Anti suke nema ba, gwaggon cikin talabijin suke nema.

Zuwan yarinyar na farko

Yarinyar ba ta fi shekara goma sha bakwai a ido ba. Shekara biyu da aure, da goyo a baya. Mijin ɗan acaɓa ne mai shan tiramol don ya jure dogon aiki. Ta zo da kumburarren ido da magariba.

Abin da Anti ta yi a daren shi ne abin da kusan kowace dattijuwa mai kirki za ta yi, shi ya sa ya kamata a warware shi dalla-dalla. A falo ta zaunar da ita, akwai baƙi biyu da 'yar aiki suna ji. Yarinyar ta yi jimla uku ko huɗu, Anti ta karɓe zancen, ta yi ta nasiha a kan haƙuri da zaman aure. Sannan ta karɓi lambar mijin ta kira shi. Ya zo jiki na rawa, ga shi yau a gaban wadda yake gani a talabijin. Ya durƙusa, ya rantse ba zai ƙara ba, har ya roƙi a yi hoto. Anti ta haɗa su suka tafi gida tare. Bayan mako biyu, a wani shirin rediyo da ake gayyatarta, ta kawo labarin a matsayin misalin sulhu. Ba ta faɗi suna ba, amma ta faɗi sana'ar mijin da unguwar da watannin jaririn.

Kafin gari ya waye an gane ko su wane ne. Mijin ya yi mata dukan da ya fi na baya, ya ƙwace wayarta, ya hana ta fita. Wata da watanni ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Kowane mataki a nan yana da dalilin lalacewarsa. Mace ba ta faɗin abin da ya fi muni a gaban mutum na uku, don haka Anti ta yanke hukunci a kan ɗan abin da aka nuna mata. Kiran mijin ya sanar da shi cewa matarsa ta kai ƙararsa waje, kuma mai duka yakan ɗauki fansar wannan idan an koma ɗaki. Ladabin da ya yi ba nadama ba ce, kwarjinin mai suna ne, kuma kwarjini ba ya bin mutum har gida. Ba don komai ba ƙa'idojin kula da matan da aka ci zarafinsu, waɗanda hukumomin agaji na duniya suka fitar tare a 2017, suka ce ma'aikaciya kada ta zama mai sulhu tsakanin mace da mijin da ke dukanta: sulhu yana buƙatar mutum biyu masu iya cewa a'a, a nan kuwa ɗaya tana tsoron ɗaya. Batun rediyo kuma, cire suna ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san kowa.

Horon da ta samu, da iyakarsa

Labarin dukan ya kai wa Anti ta bakin wata maƙwabciya, kuma shi ya sa ta nemi koyo. Ƙofar jami'a a rufe take gare ta. Babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa, tana yaye masu ba ɗalibai shawara, amma sai mai digiri da ya ci jarrabawar shiga, ita kuwa a tsakiyar sakandare ta tsaya. Abin da ya rage shi ne gajerun horo da ƙungiyoyi ke bayarwa, waɗanda suka yawaita a Marwa bayan buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013 da hare-haren da aka kai cikin garin a watan Yulin 2015. A yankin akwai tsofaffin hannu a wannan fage: reshen ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, na Arewa Mai Nisa, wanda Aissa Doumara da ta samu kyautar Simone Veil a 2019 tana cikin waɗanda suka kafa shi, da ALDEPA, ƙungiyar kare mata da yara ta Marthe Wandou, wadda aka ba kyautar Right Livelihood a 2021.

Abu uku ta koya. Taimakon gaggawa ga wanda ya firgita, mai matakai uku: duba, saurara, haɗa shi da mai taimako. Sai tafiyar da lamarin wadda aka ci zarafinta, daga gabatarwa da neman izini har rufe fayil. Sai PM+, tsarin taimaka wa masu damuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016, da aka yi don ma'aikatan da ba likitoci ba: zama biyar, ɗaya a mako, kowanne minti 90, bayan horon kwana goma a aji da gwaji a ƙarƙashin mai sa ido.

Wannan bai mai da ita likitar ƙwaƙwalwa ba, kuma ba ta yarda a kira ta Dakta. Ba ta rubuta magani. Wanda ke jin muryoyi, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya shirya kashe kansa, asibiti take kai shi. Abin da ya fi ba ta wuya a horon shi ne shiru. Ɗan wasa an koya masa cewa shiru a gaban kyamara asara ce. Mai sa ido ta sa mata doka: idan mace ta yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki buɗe baki. A zaman gwaji akan lissafa wa ya fi magana, kuma da farko Anti ce ke cinye fiye da rabi.

Ta kuma daina ganin kowa a gidanta. Ƙofar mai suna tana da 'yan kallo, duk wadda ta shiga an san da matsala. Ta samu ɗaki a wata cibiyar mata inda ake koyar da ɗinki da haɗa sabulu, ta yadda mai shiga tana da abin da za ta ce ta zo yi. Kujeru biyu masu tsayi ɗaya, ba tebur a tsakani, labule mai kauri, ruwan sha, tabarma don jariri. Fayil lamba yake ɗauka, ba suna ba. Takardar izini mai suna tana wata durowa daban mai kwaɗo. Ba hoto a cibiyar, kome roƙon da aka yi. Ba a tura wa mace saƙon murya ta WhatsApp sai ita ta ce wayar a hannunta take kwana.

Zuwa na biyu

Bayan fiye da shekara yarinyar ta ɓullo, da sunan koyon ɗinki. Anti ta fara da ba ta haƙuri a kan rediyo, gajere, ba tare da kare kai ba. Sannan ta faɗa mata iyakar sirri tun kafin ta ce komai: abin da aka faɗa a ɗakin nan ya tsaya, sai dai idan ranta ko na ɗanta na cikin haɗari, kuma ko a nan ba za a yi komai a bayan idonta ba.

"Anti, ni dai ki faɗa mini abin da zan yi."

"'Yata, ke za ki kwana a gidan nan yau, ba ni ba. Fara gaya mini, wane dare ne ya fi ba ki tsoro?"

Shirun ya yi tsawo. Yarinyar tana murza bakin mayafinta, jaririn yana wasa da murfin gora. Sannan ta ce ya taɓa shaƙe ta har ta ga duhu, ta farka ta tarar ta jiƙa zaninta.

Wannan jimla ita ce ta sauya lamarin gaba ɗaya, kuma ita ce ba ta fito ba a falo. Shaƙewa tana cikin manyan alamun cewa duka na iya kaiwa ga kisa. Sauran da ake tambaya ɗaya bayan ɗaya, da kalmomi a fili: ya taɓa ɗaukar wuƙa ko adda? Ya taɓa cewa zai kashe ki? Ya doke ki da ciki? Dukan yana ƙaruwa ko yana raguwa? Yana kulle ki? Yana tilasta miki kwanciya? Ke kin taɓa tunanin kashe kanki? Sababbin ma'aikata suna tsoron tambayar ƙarshe, suna ganin kamar za su sa wa mutum tunanin. Ba ta sa shi, rashin yin ta ne ke barin mutum shi kaɗai da abinsa. Idan akwai fyaɗe na kwanan nan, agogo ne ke mulki: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120.

Tsarin tsira suka yi a ranar, ba a jira zama na gaba ba, kuma ba a rubuta mata shi a takarda ba don kada a gani. Ƙunshi ɗaya a gidan maƙwabciyar da ta yarda da ita: katin rigakafin yaro, kaya kala biyu, kuɗin mota da zai kai ta gidan kawunta. Alama tsakaninsu: bugun bango sau uku. Idan rigima ta tashi, ta guji madafa, inda wuƙa da taɓarya da tafasasshen mai suke, ta matsa kusa da ƙofar fita. Ta haddace 117 na 'yan sanda da 113 na jandarma. An kuma gaya mata gaskiyar da ba a son faɗa: lokacin da mace ke shirin tafiya da makonnin bayansa sun fi kowane lokaci haɗari, don haka kada ta yi masa barazanar tafiya.

Washegari aka raka ta asibiti don takardar shaidar rauni ta likita. Mutane suna raina wannan takarda, alhali a kanta shari'a ke tsayawa. Kamaru ba ta da doka ta musamman kan dukan mata a gidan aure. Da sassan rauni na kundin hukunta laifuka na 2016 ake aiki, su kuma kwanakin da likita ya rubuta mutum ba zai iya aiki ba suke dubawa. Fiye da kwana 8 zuwa 30 sashe na 281 ne, fiye da 30 sashe na 280 mai hukunci mafi nauyi. Idan aka jira kumburi ya saɓe, kwanakin sun ragu. Takardar kuɗi ake biya, kuma matar da ko kuɗin cefane sai an ba ta ba ta da su, don haka cibiyar da ba ta ware ɗan asusu na wannan da na kuɗin mashin ba, turawarta asibiti baki ne kawai.

Sai dokar da kowa ke ambato. Sashe na 356 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta aure, ya kuma haɗa da wanda ya aurar da yaro ko yarinya ƙasa da shekara 18. A takarda wannan makamin yarinyar ne. A zahiri wanda ya aurar da ita mahaifinta ne. Da aka yi mata bayani ta ce ko za ta mutu ba za ta sa a ɗaure Baba ba. Ƙari a kan haka ba ta da takardar haihuwa, abin da ya zama ruwan dare a arewacin ƙasar, don haka ko shekarun nata sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbin takardar. Auren ma a masallaci aka ɗaura, ba a kai shi ofishin magajin gari ba. Anti ba ta matsa mata ba. Amma tunda mai yiwuwa ba ta cika 18 ba, kuma ga alamar kisa, an sanar da ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a, da sanin yarinyar kuma a gabanta.

Inda wasan kwaikwayo ya yi rana

Yarinyar ta zaɓi ta yi yaji zuwa gidan kawunta, ƙanin mahaifiyarta, don ta san gidan ubanta a ranar za a mayar da ita. Matsalar ita ce ba ta taɓa yi wa babba magana ta minti ɗaya ba. A nan tsohuwar sana'ar Anti ta biya kuɗinta. Ta zama kawu: ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ce, "To, ke kuma me ya faru? Aure ai ɗan haƙuri ne." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Aka sake. Aka rage abin da za ta faɗa zuwa jimla uku: Kawu, ya shaƙe ni har na suma. Ga takardar likita. Ina roƙon ka bar ni a nan. Suka maimaita har ta iya faɗa ba tare da muryarta ta shige ciki ba. Daga baya Anti ta zama uwar miji mai zuwa biko, yarinyar ta koyi cewa, "Inna, maganar tana hannun Kawu."

Sau ɗaya abin ya ƙwace. Anti ta gwada muryar mijin, kuma ta iya fiye da kima: ta ɗaga kafaɗa, ta ja tsaki irin nasa. Yarinyar ta sandare, idonta a buɗe amma ba ta wurin. Anti ta tsaya nan take, ta koma muryarta, ta kira sunanta, ta sa ta taka ƙasa da tafin ƙafa ta lissafa abu biyar da take gani a ɗakin, sannan numfashi a hankali, ƙirga uku a shaƙa, uku a fitar. Ƙa'idar da mai sa ido ta kafa daga nan: ana gwada zancen da ke gaba, ba a sake buga abin da ya wuce, kuma ba a kwaikwayon wanda ya yi dukan. Ɗan wasan kirki ya fi kowa haɗari a nan, don nasa kwaikwayon kama jiki yake.

Zaman dangi an yi shi a gidan kawu, da liman da wakilin mai unguwa. Anti ba ta je ba, da gangan: da ta shiga, taron zai koma kallonta. Zama biyar na PM+ sai da yarinyar ta samu wurin kwana mai aminci aka fara su, don ba a koya wa mutum kwantar da hankali alhali abin tsoron yana jiransa da dare. Da ta ce tana zuwa wurin malami ana yi mata addu'a saboda rashin barci, ba a hana ta ba.

Mijin ba Anti ta karɓe shi ba. Ma'aikaciya ɗaya ba ta riƙe mai duka da wadda ake duka. An nuna wa danginsa hanyar asibiti, domin mai shan tiramol da yawa idan ya yanke lokaci guda jiki na yi masa ciwo, ga zufa da rashin barci, yawancinsu su koma, yawan shan kuma na kawo farfaɗiya. An kuma ja kunnen kawu cewa ƙwaya tana ƙara wutar duka amma ba ita kaɗai ce sanadinsa ba, don haka "na daina sha" bai isa dalilin mayar da ita ba. An zo biko sau biyu, kawu ya ƙi. Daga baya takardar saki ta zo. Kuɗin abincin yaro yana zuwa wani wata, wani wata shiru.

Halin da Anti ke ciki

Aikin ba ya ciyar da ita. Ƙungiya takan ba da alawus muddin shirin na gudana, idan kuɗin masu tallafi ya ƙare sai a koma sa kai. Ba a karɓar ko dala daga matan, don haka atamfa da turare ne har yanzu ke riƙe gidan. Ƙa'ida ta ce ma'aikaciya ɗaya kada ta wuce lamari 15 a buɗe, 20 a ƙurewa, amma sunanta na jawo fiye da haka, kuma akwai lokacin da ta daina barci, ta riƙa yi wa 'ya'yanta tsawa ba dalili. Gyaran da aka yi: kwana uku a mako take ganin mata, wayar aiki daban ana kashe ta da isha'i, akwai lambar da ake kira idan gaggawa ce, sannan zama da mai sa ido duk mako biyu.

Tana fitowa a fim har yanzu idan an kira ta, bisa sharaɗi biyu. Ba ta ba marubuci labarin kowa, ko an sauya shi. Kuma ta daina karɓar rawar gwaggon da ke mayar da matar da aka doka ɗakinta, abin da ya rage mata kira sosai, don ita ce rawar da furodusoshi suka san ta da ita.

Fayil ɗin yarinyar bai rufu ba. Sharuɗɗan rufewa uku ne: ba ta cikin haɗari, abin da aka tsara ya cika, ita kuma ta yarda a rufe. Na farko ya samu. Na biyu yana jiran takardar haihuwa, wadda sai da ita za ta yi katin ɗan ƙasa ta buɗe asusun kuɗi na waya da sunanta. Kafin nan kuɗin ɗinkinta ta wayar kawu suke shigowa.